Miyok-guk: Ba Jajjage, Ba Manja, Amma Sai Santi

Ni dai a kan wannan miya na sallama wa mutanen Koriya, kuma ban ga wanda zai sa in janye ba. Sunanta miyok-guk. Kayan haɗinta ba su cika faranti ɗaya ba: busasshen ganyen teku, ɗan naman sa, man riɗi, tafarnuwa, soya sos, sai ruwa. Babu jajjage, babu manja, babu dunƙulen magi, babu ko ƙwayar attaruhu. Duk wadda ta tashi a gidan da ake auna miya da jan idonta, in ta ji wannan lissafi taɓe baki za ta yi, ta ce ai ruwan zafi ne aka yi wa kwalliya. To, ta dafa tukuna. In romon nan ya ratsa maƙoshi, da ɗuminsa da gardin riɗinsa da wani ɗanɗano da harshe yake rasa daga ina ya ɓullo, za ta miƙa kwano neman ƙari tun kafin ta tuna abin da ta faɗa.

Masu kallon finafinan Koriya sun riga sun san ta, ko da ba su riƙe sunan ba. Da wuya a nuna zagayowar ranar haihuwar wani ba a ajiye masa wani kwano da safe ba, ganye mai duhu yana iyo cikin romo, ga farar shinkafa a gefe. In mai tsara labari yana so ya sa mu hawaye, sai ya nuna yarinyar da ba ta da mai dafa mata, ta dafa abinta ta zauna ita kaɗai. In dariya yake so, sai ya kawo saurayin da ko ƙwai bai iya soyawa ba, ya kwana yana kokawa da tukunya don ya burge. Wannan kwanon da kyamara take daɗewa a kansa, shi nake nufi.

Kada kunne ya ji an ce ganyen teku, zuciya ta tafi ga gansakukar kududdufi. Miyok tsiro ne na ruwan gishiri mai sanyi, mai faffaɗan ganye da jijiya a tsakiya, yakan kai mita ɗaya zuwa biyu. Shi ne Japanawa suke kira wakame. A cikin teku launinsa ƙasa-ƙasa ne, sai ya ji zafi yake komawa kore. Nomansa ake yi sosai: a shimfiɗa dogayen igiyoyi a kan ruwa, ya kama ya yi ta girma cikin sanyi, a girbe shi daga ƙarshen hunturu zuwa lokacin da gari ya fara ɗumi, a busar. Gundumar Wando da ke kudu maso yammacin ƙasar ta yi suna a wannan noma, har a 2021 hukumar NASA ta Amurka ta wallafa hoton gonakinta da aka ɗauka daga sararin samaniya, layi-layi a kan teku. Na Gijang, a gefen birnin Busan, shi ne wanda sunansa kaɗai yake ƙara masa kuɗi. Akwai kuma wanda ba a shuka ba, mai fitowa da kansa a jikin duwatsu, wanda matan nan masu nutso na tsibirin Jeju, haenyo, suka daɗe suna yankowa ba tare da tukunyar iska a baya ba. UNESCO ta sa sana'arsu cikin al'adun duniya a 2016. Na dutse ya fi tauri, ya fi son doguwar wuta, ya kuma fi tsada.

Ba za ka gane dalilin da ya sa miyar take da sanyin hali haka ba, sai ka san wadda aka fara dafa wa. Miyar mai jego ce. Abu na farko da mace take sa wa cikinta bayan ta sauka a Koriya shi ne wannan romo da farar shinkafa, kuma a al'adar dā haka za ta yi ta sha safe, rana da dare, har kwana 21 da suke ware wa jego, ana kiyaye ta daga iska da ruwan sanyi da duk wani abinci mai tauri ko yaji. Mu nan mai jego kunun kanwa ake dama mata, a gasa mata nama a barbaɗe da yaji, a dafa ƙauri, a yi wankan ganye har arba'in. Manufa ɗaya ce, a mayar wa jiki abin da haihuwa ta ɗebe, a samu ruwan nono, amma mu da zafin yaji muke bi, su kuwa da lallashi. Har yau a gidajen kula da masu jego da suka cika biranen Koriya, inda mace kan je ta huta mako biyu bayan an sallame ta daga asibiti, miyok-guk ce uwar abinci.

Akwai wani labari da suke bayarwa, wanda zai yi wa masoya fim ɗin Jumong daɗi. Wai mutanen Goguryo, wato daular nan da Jumong ya kafa, su ne suka lura cewa wel, ƙatuwar dabbar teku mai haihuwa ta shayar, takan nemi wannan ganye ta ci bayan ta haihu, sai suka ce abin da ya yi wa wannan uwa magani zai yi wa matansu. Labari ne, ba na rantsuwa a kansa, amma ina son shi. A imaninsu na gargajiya kuma sukan ajiye shinkafa da ruwa da miyok saboda Samsin, wadda suka ɗauka ita ce mai kula da haihuwa, kafin a ba mai jego ta ci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ladabin saye. Miyok ɗin da za a kai wa mai ciki ba a neman ragi a kansa, kuma ba a karya shi don ya shiga jaka. Haka ake ɗaukarsa da tsawonsa a kai gida, don suna camfa cewa karya shi yana jawo wahalar naƙuda.

Daga nan ne ta zama miyar ranar haihuwa, kuma a nan ne na ce Koriyawa sun yi tunani. Wanda ya ƙara shekara, abin da zai karya da shi shi ne abin da mahaifiyarsa ta yi ta sha a kwanakin da take jinyar haihuwarsa. Ana taya shi murna, amma kwanon da ke gabansa yana tuna masa cewa a wannan rana wata ce ta sha wuya. Abokai in sun kira waya, tambayar da sukan yi ita ce ko ya sha miyarsa. In yara sun girma kuma sai abin ya juya, ɗa ko 'ya su shiga kicin su dafa wa uwa a tata ranar. Rana ɗaya ce dai ba mai kusantarta: ranar jarrabawa. Ganyen yana da santsi, su kuma suna tsoron kada ɗalibi ya zame. A ranar Sunung, babbar jarrabawar shiga jami'a da ake yi wata Alhamis cikin Nuwamba, wadda har jiragen sama ake dakatarwa lokacin da ɗalibai suke sauraren Turanci, uwar da ta dafa miyok-guk da safe ta jawo wa kanta magana. Alewa mai danƙo ake ba su a madadinta, don sakamako ya manne.

To, uwargida, ga yadda ake yi, na mutum huɗu.

Ki auni busasshen miyok gram 20. Na san za ki dube shi a tafin hannu ki ce wannan ko yaro ba zai ƙosar ba. Kada ki ƙara. In ya sha ruwa yakan ninka kansa wajen sau goma, kuma kallon wannan kumburi kaɗai abin nishaɗi ne: wasu 'yan ƙiraren baƙin abu marasa fasali, ki juya baya ki dawo ki tarar sun buɗe sun cika roba, suna sheƙi. Ki jiƙa shi a ruwan sanyi, ba na zafi ba, na minti 20 zuwa 30. Daga nan ki tsame, ki cuɗa shi da hannu sosai har ki ga 'yar kumfa tana fita, ki ɗauraye sau biyu ko uku, ki matse. Wannan cuɗawar ita take tafiya da ƙarnin teku, kuma yawancin waɗanda suka ce miyar ta yi musu ƙarni a nan suka yi ha'inci. Sai ki sa almakashi ki yanka daidai yadda zai hau cokali. In wanda aka riga aka yayyanka kika saya, kin huta.

Nama gram 200 ya isa, kuma na ƙirjin sa ya fi ba da romo. A yanka shi ƙanana, a tsane jinin. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi a matsakaiciyar wuta, ki zuba man riɗi babban cokali ɗaya da rabi, ki sa naman ki yi ta juyawa har jan ya ɓace. Kada ki bari man ya yi hayaƙi, don man riɗi ba ya jure babbar wuta, in ya ƙone ɗaci yake yi. Sai ki juye ganyen a kai, ki zuba soya sos cokali ɗaya, ki ci gaba da juyawa na minti huɗu ko biyar.

Wannan 'yar suyar ita ce ran miyar gaba ɗaya. A nan ne ganye yake shan mai da ruwan nama, launinsa ya ƙara fitowa, kicin ya ɗauki wani ƙamshi da zai sa na falo su fara leƙowa suna tambayar me ake dafawa. Wadda ta tsallake ta ta zuba komai cikin ruwa lokaci guda, za ta samu ganye daban, ruwa daban, nama daban, kowa yana harkar gabansa.

Ruwa lita ɗaya da rabi za ki zuba, amma ba a tashi ɗaya ba. Ki fara da kofi biyu, iya abin da zai rufe ganyen, ki bari ya tafasa da ƙarfi har romon ya fara yin fari-fari, sannan ki ƙarasa sauran. Wasu matan Koriya da ruwan wankin shinkafa na biyu ko na uku suke yi, don ya ƙara wa romon jiki, kuma na ga amfanin hakan. In ta sake tafasa ki kwashe kumfar sama da ludayi, ki sa dakakkiyar tafarnuwa cokali ɗaya, ki ƙara soya sos cokali ɗaya, ki rage wuta, ki rufe. Minti 30 shi ne mafi ƙaranci, 40 ya fi, in kin kai awa guda ba ki yi laifi ba. Gishiri a ƙarshe ake sa shi, bayan an ɗanɗana. Aikin ke nan.

Abu mai wuya a girkin nan ba ya cikin abin da na lissafa. Yana cikin riƙe hannu. Tana cikin dahuwa za ki ji hannunki yana ƙaiƙayi, yana son ya jefa albasa, ya murmusa magi, ya ɗan barbaɗa citta da masoro. Ki yi ta maza ki hana shi. Su kansu Koriyawa, da kusan babu miyar da ba sa yanka wa ganyen albasa, a wannan ba sa sa shi. Sukan ce ƙarfin warinsa yana danne ƙamshin miyok. Akwai ma gidajen da ko tafarnuwar ba sa sa wa, musamman in mai jego za a ba. Duk abin da kika ƙara, wani abu zai rufe, kuma abin da zai rufe ɗin shi ne kika kashe kuɗi kika sayo.

Maganar soya sos tana son bayani. Wanda suke amfani da shi a miya sunansa guk-ganjang, na gargajiya, daga waken suya da gishiri da ruwa. Ya fi na kanti da muka saba gani hasken launi, ya kuma fi shi gishiri, shi ya sa yake ba da ɗanɗano ba tare da ya baƙanta romo ba. In ba ki samu ba, ki sa na gama-gari cokali ɗaya kacal, ki cike da gishiri. In kika bi shi da yawa miyar za ta yi duhu ta ɗauko wani zaƙi-zaƙi da ba nata ba. Ki kuma karanta jikin kwalba kafin ki saya, don akwai waɗanda ake ƙara wa barasa, akwai kuma masu tambarin halal. Ban da wannan, babu abin da zai sa Musulmi ɗar-ɗar a tukunyar nan.

Man riɗi kuwa, nan ne muke da abin alfahari. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, wanda ake lodawa a kasuwanni irin ta Maigatari a fitar da shi ƙasashen waje, ba ya jin kunyar na kowa. Bambancin kawai, su sai sun soya ƙwayar ta yi ja kafin su tatsi man, shi ya sa nasu yake da duhu da ƙamshi mai ƙarfi. In wanda kike da shi fari ne marar ƙamshi, ki soya riɗi cokali biyu a busasshen kasko, ki daka shi lukui, ki zuba tare da man. Za ki sha mamaki.

Yanzu sai a zo ga sha, inda bakina yake kasa tsayawa. Romon ba shi da nauyi, ga 'yan idanun mai suna yawo a sama, amma cokalin farko zai gaya miki cewa ba ruwa ba ne. Gardin riɗi ne yake fara isowa, sai zaƙin nama ya biyo baya, can ƙasa kuma akwai wani ɗan gishiri-gishiri mai tsabta wanda na ganyen ne shi kaɗai. Ganyen ya yi laushi har ba ya neman tauna sosai, amma bai narke ba, jijiyar tana nan da ɗan ƙarfinta. Santsinsa kuwa, duk wanda ya girma da miyar karkashi ba baƙonsa ba ne, sai dai wannan ba ya jan zare, sulɓi kawai yake yi ya wuce. Ba ta sa gumi, ba ta sa shan ruwa, ba ta barin nauyi a ciki. Ka shanye kwano ka ji kamar an gyara maka zama. Wallahi akwai daren sanyin da ba na son komai a duniya sai ita.

Da farar shinkafa marar mai ake ci, kuma daɗin ya fi fitowa in aka juye shinkafar cikin kwanon miyar aka bi da cokali. Mai son yaji ba a hana shi ba, amma a gefe: su da kimci, kabejin nan da suke tsimawa da barkono, suke haɗawa, loma ɗaya mai sanyin hali, loma ɗaya mai tsami da zafi. Ke ma ki ajiye ɗan yajinki a wani faranti, kada dai ya shiga tukunya.

Sai kuma babban sirrinta: ta kwana ta fi ta yau. Ki bari ta huce, ki sa a firji, gobe ki ɗumama. Ganyen ya ƙara sakin jiki, romon ya ƙara kauri, komai ya san juna. Shi ya sa ba na ganin hikimar dafa 'yar kaɗan.

Naman sa shi ne aka fi sani, musamman a Seoul da garuruwan da ke nesa da teku, amma mutanen gaɓa suna da nasu. A kudu sukan sa kifi sabon kamu ko halittun ruwa masu ɓawo, a Jeju har da ƙwan wata halitta mai ƙaya da masu nutso suke kamowa, kuma akwai mai garin deulkae, wani iri mai kama da riɗi, da yake mayar da romon fari kamar an zuba madara. Wanda nama ya yi wa tsada ya sa busasshen kifi marar hayaƙi sosai, ko ya dafa ta haka nan da mai da tafarnuwa. Ba za ta kai ta ƙirjin sa ba a wurina, amma ba za ta ba da kunya ba.

Duk son da nake mata, akwai gaskiyar da ba zan ɓoye ba. Ba ta da kyan gani. Wanda ido yake fara ci masa abinci sai an lallashe shi. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: miyok yana ɗauke da sinadarin ayodin mai yawan gaske, wanda rashinsa yake kawo maƙoƙo, amma yawansa ma yana iya dagula aikin ƙwayar maƙogwaro. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Koriya ta Kudu da kanta ta shawarci masu jego cewa sau biyu a rana ya wadatar, su kuma jiƙa ganyen minti 30 su wanke da kyau kafin dahuwa. Saboda haka mai ciwon maƙoƙo, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ta tambayi likita kafin ta mayar da ita abincin kullum. Ga mai lafiya da zai sha jefi-jefi kuwa, ganye ne mai kalsiyam da harza, marar kitse.

Wajen saye a kula, don ganyen teku iri-iri ne. Akwai gim, siriri kamar takarda, wanda ake naɗe shinkafa da shi. In kika jefa shi a ruwa watsewa zai yi. Akwai dasima, mai kauri da tauri, wanda romo kawai ake cirewa daga jikinsa. Ba su ake nema ba. Ki nemi wanda aka rubuta miyeok ko wakame a jikin ledar, a manyan kantunan da ke sayar da kayan abincin Asiya a Abuja ko Legas, ko ta intanet, ko ki ba mai dawowa daga tafiya sallahu, tunda ba shi da nauyi kuma yana daɗewa bai lalace ba muddin bai ji danshi ba.

A ma'aunina miyok-guk ta ci goma bisa goma, kuma da akwai sha ɗaya da na ba ta. Ƙunshin gram 100 zai yi miki tukunya biyar. Ki dafa ta farko yadda na faɗa, ba ƙari ba ragi, ki rage rabi zuwa gobe kafin ki yanke mata hukunci. Kai kuma maigida da kake karantawa ta gefen ido, wannan tukunyar ba ta fi ƙarfinka ba: in ranar haihuwar uwargida ta zagayo, ka riga ta shiga kicin.